Yadda aikin lambu da kayan wasan hannu ke taimaka wa yara masu larurar otizim

A Birtaniya da arewacin Amurka, daga watan Maris zuwa Mayu ne sanyin hunturu ke ja da baya, yini ya ƙara tsawo, ƙasa ta saki, iyalai su fara shuka a bayan gida. A tsakiyar wannan lokaci ne, ranar 2 ga Afrilu, ake bikin Ranar Wayar da Kai Kan Otizim ta Duniya, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da ita a 2007.

Otizim, wanda kafofin yaɗa labarai na Hausa kan kira galahanga, bambanci ne a yadda ƙwaƙwalwa ke girma. Ba jifa ba ne, kuma ba sakacin tarbiyya ba ne. Hukumar daƙile cututtuka ta Amurka, CDC, ta ce a alƙaluman da ta fitar a 2025, yaro ɗaya cikin 31 masu shekara takwas yana da larurar.

Me ya sa hannunsu ba ya zama?

Yawancin waɗannan yara suna jin sauti da haske da ƙamshi da taɓawa fiye da kima, ko ƙasa da kima. Ƙarar da wani ba zai ko lura da ita ba tana iya gigita su. Tun 2013 likitocin ƙwaƙwalwa a Amurka suka sanya wannan cikin alamomin gano larurar.

Shi ya sa ake ganin yaro yana kaɗa hannu, ko juya abu, ko maimaita motsi guda. Hanyarsa ce ta kwantar da hankali, kamar yadda babba ke kaɗa ƙafa idan yana cikin tunani. Hana shi da tsawa yakan ƙara masa damuwa ne.

Kayan wasan hannu

Don biyan wannan buƙata ake yin ƙananan kayan wasa na matsawa da juyawa da ja: ƙwallon roba mai taushi, da igiya mai miƙewa, da faranti mai ƙulle-ƙullen da ake dannawa, wanda ya yi tashe a TikTok a 2021, da kuma ɗan abin wulwulawa da ya cika makarantu a 2017.

Amfaninsu ya danganta da yaro. Wani bincike da aka yi a jihar Florida kan yara masu matsalar mayar da hankali ya gano cewa abin wulwulawar yana ɗauke musu hankali a aji. Saboda haka malamai sun fi son wanda ba ya ƙara kuma ba sai an kalle shi ba.

Abin da lambu ke bayarwa

Lambu yana ba hannu irin wannan aiki, har da ƙari. Tonon rami da ɗaukar bokitin ban ruwa suna sa gaɓoɓi aiki mai nauyi, wanda ke natsar da yara da dama. Zuba iri ɗaya bayan ɗaya aiki ne mai maimaituwa, ban ruwa kullum a lokaci guda kuma yana ba da tsarin da suke so.

An fi farawa da shukar da ba ta ɓata lokaci. Lafsur kan tsiro cikin kwana biyu zuwa uku a kan auduga mai laima a bakin taga, wake kuma ƙwayarsa babba ce, mai sauƙin riƙewa. Na'ana'a tana ba da ƙamshi. Tumatir kuwa a cikin ɗaki ake renonsa, domin a sassa da yawa na Birtaniya raɓar ƙanƙara kan sauka har cikin watan Mayu.

Yaron da ke ƙyamar taɓa laka kada a tilasta masa. A ba shi safar hannu ko cokali.

Inda haɗari yake

Wasu yaran na kai duk abin da suka samu baki. Saiwar furen daffodil, wanda ke cika lambunan Birtaniya a Maris, ta yi kama da albasa, amma tana da guba. Taki da maganin ƙwari a kulle su, kuma kada a bar ruwa a buɗe.

A kayan wasa, ƙananan maganaɗisu da ƙwayoyin roba masu kumbura a ruwa na iya yi wa hanji mummunar illa idan aka haɗiye su. Wanda ya haɗiye a garzaya da shi asibiti.

Lambu da kayan wasa ba sa maye gurbin likita ko ƙwararren malami. Abin da ya fi dacewa shi ne iyaye su gwada abu ɗaya a lokaci guda, su lura da wanda yaron ke komawa gare shi da kansa, su ɗora daga nan.