Aninin Sarki Edward da Kuɗin Ƙage



'Yan uwa, wanda duk ya zauna da dattawan Tudun Jukun ya ji suna lissafi da anini da ɗari da kwabo. A da, anini goma ne kwabo ɗaya. Turawa sun fara buga shi a 1907, da huda a tsakiya don a zura shi a zare, da tauraro mai tsini shida a bayansa, da rubutun Larabci a fuskarsa saboda mutanenmu da suka saba da allo. Wannan ɗan ƙarfen da a da talaka ke sayen gishiri da shi a kasuwar Tudun Wada yana da matsayi a wata muhawara da ta daɗe tana raba kan masu tara tsofaffin kuɗi a duniya.

Ga asalin maganar. Sarkin Ingila Edward na Takwas ya hau gado a Janairun 1936, ya yi murabus a Disambar shekarar domin ya auri wata bazawara Ba'amurkiya, Wallis Simpson. Bai daɗe ba har a fitar da kuɗi mai hotonsa a Ingila; 'yan samfura kawai aka buga aka adana, kuma ɗaya daga cikinsu, na zinariya, fam miliyan ɗaya aka saye shi a 2020. Amma a Afirka ta Yamma kuɗinmu mai huda ba ya ɗaukar hoto, suna kawai ake rubutawa, don haka aiki bai tsaya jiran mai zane ba. Aka buga anini da ɗari da kwabo da sunan Edward, suka shiga hannun jama'a. Abin da Baturen Landan bai taɓa kashewa ba, Bazazzage ya kashe shi.

Wannan giɓi ne 'yan kasuwa suka hango. A shekarun 1950 wani dillali a Landan, Geoffrey Hearn, ya sa aka ƙera manyan sulalla masu hoton Edward da shekarar 1936, da sunayen ƙasashe irin su Ostareliya. Richard Lobel ya biyo sawunsa a shekarun 1980. Babu hukumar da ta ba da umarni, babu kasuwar da aka taɓa ciniki da su. Su ne nake kira kuɗin ƙage.

Masu kare su na cewa ba jabu ba ne, domin jabu kwaikwayon abin da yake akwai ne, waɗannan kuwa ba su da na asali balle a kwaikwaya. Ado ne, mai so ya saya da saninsa. Haka Daniel Carr ya kare kansa a Amurka lokacin da ya ɗauki dalolin azurfa na gaske a 2010 ya sake buga su da shekarar 1964, shekarar da gwamnati ta narkar da duk wanda ta buga mai ɗauke da ita. Masu suka kuwa suka kafa hujja da dokar Amurka ta 1973, wadda ta wajabta a sa alamar kwafi a jikin duk kuɗin da aka kwaikwaya.

A nawa ganin, masu suka sun fi hango nesa. Ba wai laifin yana ga masana'anta mai zaman kanta ba ne: aninin namu ma, da yawa daga cikinsa kamfanonin Birmingham ne suka buga shi, amma da umarnin hukumar kuɗi ta Afirka ta Yamma da aka kafa a 1912. Tun zamanin Halifa Abdulmalik bin Marwan, wanda ya buga dinari mai rubutu zalla a shekara ta 77 bayan Hijira, malamai ke ɗaukar buga kuɗi a matsayin haƙƙin shugaba. Sannan mai saye na farko ne kaɗai ya ji bayanin maƙerin. Ƙarfe ya fi mai shi tsawon rai. Ranar da ya faɗa hannun magada, ko aka sa hotonsa a intanet, shekarar da ke jikinsa ce za ta yi magana, kuma ƙarya za ta faɗa. Mai sayarwa na uku zai iya yin algus alhali bai sani ba.

Aninin Edward na gaske ba shi da tsada a wurin dillalai, domin miliyoyi aka buga. Wanda ya tsinci irinsa a tsohon adudun kakarsa, ya duba rubutun da ya zagaye hudar, zai ga EDWARDVS VIII, ya juya baya ya ga 1936.