Wutar Aro: Daga Zangon Fatake Zuwa Rumfunan Tarauni

Tun zamanin da fatake ke sauke kaya a bayan ganuwar Kano da jakuna da raƙuma, al'ada ta tabbata cewa matafiyi, komai yawan guzurinsa, sai ya jingina da mai masauki, wanda zai nuna masa rijiya, ya kuma ɗebo masa garwashin da zai hura wutarsa. Wannan haƙƙi na baƙo kuwa, wanda malamai suka yawaita bayani a kansa a babin liyafa da maƙwabtaka, bai gushe ba har yau, illa dai garwashin ya rikiɗe ya zama wayar lantarki.

A Amurka da Turai, inda wasu kan mayar da babbar mota gida mai gado da murhu su yi ta yawo da ita, an tanadi sansanoni masu turaku, kowane turke da soket ɗinsa, domin motar ta hutar da batirinta ta sha wutar gari, tamkar jirgin ruwa idan ya tsaya a gaɓa. Turken Amurka yakan ba da amfiya 30 ko 50, na Turai galibi ba ya wuce 16, kuma a cikin motar akwai makunnin da ke raba wutar janareta da ta turke, don kada su haɗu.

Mu a nan ba mu da irin waɗannan motoci, amma mas'alar ɗaya ce. Bayan an kafa hukumar lantarki ta ECN a 1950, aka gama madatsar Kainji a 1968, NEPA ta gaji ECN a 1972, wuta ta bi titin Zariya tana ratsa Gyadi-Gyadi yayin da gonaki ke komawa gidaje. Sa'an nan, da wayar salula ta shigo a 2001, kasuwar Farm Centre da ke Tarauni ta cika da kwantena da rumfuna waɗanda, alhali ba su da tushe a ƙasa kamar ginin gida, ba su iya kwana ɗaya na sana'a sai an ja musu layi, ko daga fal ɗin KEDCO, wadda ta karɓi rabon wuta a 2013, ko daga babban janareta na wani mai hali da ake biya kullum.

Abin da ke damuna, haƙiƙa, shi ne sakacin da ake yi da wannan amana. Siririyar waya da aka ɗora wa lodin da ya fi ƙarfinta takan yi zafi har robarta ta narke. Kwantena kuwa ƙarfe ce, idan ba a kafa mata sandar ƙasa ba, duk wanda ya dafa ta da damina yana cikin haɗari. Mafi muni shi ne janaretan da aka haɗa ba tare da makunnin sauya layi ba, domin wutarsa kan koma kan fal, ta riski ma'aikacin da ya hau gyara yana zaton an ɗauke.