Farantan Sola na Gida Masu Shiga Soket: Dokoki da Makomarsu

Wannan na'ura ta ƙunshi faranti ɗaya ko biyu masu tattara hasken rana, da ƙaramin inbata da ke mayar da shi wutar da kayan gida ke amfani da ita. Ana cusa filoginta a soket kamar rediyo, sai ta rage yawan wutar da gida ke ja daga layin kamfani.

Dokokin Ƙasashen Waje

Jamus ce kan gaba a wannan fanni. Dokar da ta fara aiki a watan Mayun 2024 ta ɗaga iyakar ƙarfin inbatar daga wat 600 zuwa wat 800, ta kuma taƙaita sharaɗin rajista zuwa hukumar tarayya kaɗai. A Amurka kuwa, Jihar Yuta ta zartar da doka a 2025 wadda ta yarda da na'urar da ba ta wuce wat 1,200 ba, ba tare da yarjejeniya da kamfanin wuta ba, muddin ta cika ƙa'idojin kariya.

Matsayin Jihohin Nijeriya

Gyaran tsarin mulki na Maris 2023 da Dokar Wutar Lantarki ta Yuni 2023 sun ba jihohi ikon tsara harkar wuta a cikin iyakokinsu. A 2024 hukumar NERC ta fara miƙa wannan iko ga jihohi irin su Enugu da Ekiti da Ondo. Saboda haka, jihar da ta kafa hukumarta tana da hurumin shimfiɗa ƙa'idojin irin waɗannan na'urori.

Abin Lura ga Mazauna Karkara

An ƙera na'urar ne ta yadda za ta daina aiki da zarar an ɗauke wuta, domin kare ma'aikatan da ke gyaran layi. Wannan na nufin ba za ta amfani ƙauyen da ba shi da layi ba, haka kuma amfaninta kaɗan ne inda wuta ba ta tsayawa. A irin waɗannan wurare, sola mai batir wadda ba ta dogara da layi ba ita ta fi dacewa.

Ana shawartar jama'a da kada su haɗa ta da janareta, domin tana iya lalata shi. Haka kuma, ana kira ga jami'an ƙananan hukumomi da masu unguwanni su faɗakar da al'umma su nemi ƙwararren mai aikin wuta ya duba wayoyin gida, su kuma tuntuɓi kamfanin rarraba wuta kafin su kashe kuɗinsu.