Jarumin da Ba Ya Faɗuwa

Tun kafin gidajen kallo su iso Achida, mutanen gabashin Sakkwato suna da wurin da suke zuwa kallon jarumi, wato filin dambe da kaka, bayan an gama girbi an ɗaure dammunan gero. A can rundawa da sauran samarin ƙauyuka ke ɗaure hannu da zare, su rataya layu, makaɗi na zuga su da kalangu. Muhammadu Bawa Ɗan Anace, ɗan ƙasar Gandi ta Rabah, a nan ya yi suna da waƙar ɗan dambe Shago. Wanda ya saurari waƙar da kunnen basira zai ji cewa tana cike da ambaton mutuwa da kushewa da abokan karawa irin su Ɗandunawa, waɗanda su ma ba kanwar lasa ba ne. Kirarin yana ratsa jiki ne domin kowa ya san dokar fili: gwiwa ko hannu ya taɓa ƙasa, an yi kisa ke nan, kuma layar Shago ba ta ɗauke masa wannan doka ba.

Da labari ya koma takarda, marubuta suka fara sakaci da wannan doka. Gasar rubuta labarai da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933 ta haifar da Ganɗoki na Bello Kagara da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. Farkon Ganɗoki yana da rai ƙwarai, don yana tafe da yaƙin Turawa har zuwa Burmi a 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya rasa ransa, kuma mai karatu ya san an ci mu da yaƙi komai ƙarfin jarumin. Da ya bar ƙasar Hausa ya shiga duniyar aljanu yana kashe abokan gaba ba adadi, sai labarin ya koma jerin nasarori kawai. Shaihu Umar kuwa yaro ne da aka sace aka kai bauta ƙetaren Sahara, uwarsa na bin sawunsa, ba ya da sihiri ko takobi, amma shi ne Adamu Halilu ya ga ya cancanci zama fim a 1976.

Cutar rabin Ganɗoki na biyu ita ce ta finafinan jarumai 'yan leƙen asiri na Amurka da matasa ke turawa juna a waya yanzu. Black Widow na 2021 misali ne mai kyau: an riga an kashe jarumar a Avengers: Endgame na 2019, sannan aka dawo baya ana nuna ta tana faɗowa daga sama, alhali mai kallo ya san ba yau ne ajalinta ba.

Wani zai ce ai mai biyan kuɗin kallo faɗa ya zo gani, ba nazarin hali ba, kuma maroƙan dambe ma sun fi kowa ƙarin gishiri. Gaskiya ne, Ɗan Anace ya kambama Shago har ya wuce ɗan Adam. Sai dai ƙarin gishirinsa a baki yake, a fili kuwa washegari Shago zai tsaya gaban wani ƙato da zai iya kai shi ƙasa a gaban jama'ar gari duka. Fim irin Black Widow kuwa ya ɗauki zugar ya bar filin, shi ya sa ake iya tura shi gaba zuwa wurin faɗa ba tare da an rasa komai ba.