Yadda Gasar Harbi Ta Rikiɗe Ta Koma Gasar Ƙirga Tsuntsaye

A ƙarshen ƙarni na 19, akwai wata al'ada da ake yi ranar Kirsimeti a wasu yankunan Amurka. Mazan gari kan kasu gida biyu, kowa ya saɓa bindigarsa, su fantsama cikin daji. Da yamma kowane ɓangare ya zube abin da ya harbo, tsuntsu ko dabba, wanda tarinsa ya fi tudu shi ne gwani. Ba a tambayar ko naman na ci ne. Yawa kawai ake nema.

A wannan zamanin tsuntsayen ƙasar na cikin tsaka mai wuya, domin bayan maharba akwai kasuwar kwalliya. Matan birni sun ɗauki yayin ƙawata huluna da gashin tsuntsu, wani lokaci ma da tsuntsun sukutum, kuma fararen zalɓe na cikin waɗanda suka fi shan wuya. A 1886 wani matashi mai suna Frank Chapman ya zaga titunan New York yana duban kawunan mata. Cikin huluna 700 da ya ƙirga, kusan kashi uku cikin huɗu na ɗauke da gashin tsuntsu, ya kuma shaida nau'i 40.

Chapman ya zama masanin tsuntsaye a gidan tarihin halittu na New York, ya kafa mujallar Bird-Lore a 1899. A cikinta ne ya kawo shawarar cewa a fita ranar Kirsimeti kamar yadda aka saba, amma a ƙirga tsuntsayen maimakon a kashe su. Ranar 25 ga Disamba, 1900, mutum 27 suka amsa kira a wurare 25, tun daga Toronto a Kanada har zuwa Kalifoniya, suka ga nau'i kusan 90. Hikimar mutumin ita ce bai ɓata bakinsa wajen yi wa mutane wa'azi a kan son gasa ba. Ya bar musu sammako da yawon daji da alfaharin cewa garinsu ya fi na maƙwabta, bindigar kawai ya zare daga hannunsu.

Sai dai ajiye bindiga ya zo da matsalar da maharba ba su taɓa sani ba. Maharbi yana da gawa a hannu, ba a yi masa musu. Wanda ya ce ya hangi wani tsuntsu a kan reshe kafin ya tashi, ba shi da shaida sai bakinsa. Kusan duk ƙa'idojin da aka shimfiɗa daga baya ƙoƙari ne na toshe wannan kafa. Ƙidayar Kirsimeti, wadda ƙungiyar Audubon ke gudanarwa har yau tsakanin 14 ga Disamba da 5 ga Janairu, ta keɓe wa kowane rukuni da'ira mai faɗin kilomita 24, a koma wuri guda kowace shekara, a kuma rubuta awoyin da aka shafe ana nema. Wanda ya kawo sunan baƙon tsuntsu, sai ya yi wa mai tattara sakamako bayani dalla-dalla.

Gasa ta gaba da gaba tsakanin ƙungiyoyi kuwa ta yi suna ne a jihar New Jersey a watan Mayun 1984, lokacin da Pete Dunne ya shirya wadda ake kira World Series of Birding. Ƙungiyoyi 13 suka shiga, aka ba su awa 24, daga tsakar dare zuwa tsakar dare. Ƙungiyar da ta ci, wadda Roger Tory Peterson ke cikinta, ta tara nau'i 201. Jin kuka ma ana lissafa shi, shi ya sa ake farawa da mujiya cikin duhu. Akwai kuma dokar da ta ce kashi 95 cikin 100 na tsuntsayen da ke jerin sai kowane ɗan ƙungiya ya gani ko ya ji da kansa. Wato mai niyyar ƙarya sai ya shawo kan abokan tafiyarsa tukuna, kuma a duniyar masu kallon tsuntsaye, wanda aka taɓa kamawa da ƙari ya gama yawo. Masu goyon baya kan yi alƙawarin kuɗi a kan kowane nau'i, a zuba su cikin aikin kare muhalli.

Mai kallo daga nesa zai ce wasan marasa aikin yi ne. Amma a 2019, da masana suka wallafa a mujallar Science cewa Amurka da Kanada sun yi asarar tsuntsaye kusan biliyan 3 tun daga 1970, ƙidayar Kirsimeti na cikin bayanan da suka dogara da su. Babu jami'ar da ke da kuɗin ɗaukar ma'aikatan da za su yi wannan aiki shekara fiye da 100 ba fashi.

Wannan tsari na dogaro da 'yan sa-kai ya iso Nijeriya ta Jos, inda cibiyar nazarin tsuntsaye ta A. P. Leventis take a dajin Amurum. A 2015 aka soma aikin taswirar tsuntsayen Nijeriya, aka yanka ƙasar gida-gida, kowane gida kimanin kilomita 9 a tsaye da kwance. Ƙungiyoyin masu kallon tsuntsaye, yawancinsu ɗalibai, kan zaɓi gida guda, su shafe aƙalla awa 2 suna rubuta duk abin da suka gani a manhajar waya, daga balbela da hasbiya har shamuwar da manomi ya daɗe yana karanta zuwan damina da ita. Ungulu ma, wadda a da ba a rasa ta a mahautar kowane gari, yanzu ganinta abin rubutawa ne.