Ina tsofaffin wasanninmu na tele sunka shiga?



Akwai tambayar da ba ta ƙarewa tsakanin masu saurare. Duk ranar da guntun bidiyon Yazi Dogo ko na Samanja ya faɗo cikin salula, minti uku ko biyar, hoto na rawa, murya na shaƙewa, sai ka ji ana cewa: to ina sauran? Wa ke da cikakken? Yau mun ce bari mu zauna bisa wagga magana, mu ga inda wasannin nan sunka fito, abin da ya sa da yawansu ba a ganinsu, da kuma ko akwai dalilin sa rai.

Mu mutanen bakin iyaka da tele biyu munka tashi. Ta farko tamu ce. Nijar ta fara tele tun 1964, amma ta lakwal ce, wadda ake koya wa yara karatu da ita cikin aji. Sai ƙarshen shekarun 1970, zamanin Seini Kunce, anka buɗe tele ta ƙasa, Télé Sahel, ƙarƙashin ORTN, ma'aikatar da anka kafa a 1967 wadda yau ake kira RTN. Da yake kuran bai kai ƙauyuka ba, sai gwamnati ta rarraba tele ta jama'a mai aiki da hasken rana. Gari guda, akwati guda, yara a gaba bisa ƙasa, manya a baya bisa tabarma.

Teyatur kuwa ya riga tele zuwa. Rediyon ƙasa, wanda ya fara aiki a 1958 kuma daga baya ya zama Muryar Sahel, shi ya saba wa kunnen mutane da wasan kwaikwayo cikin Hausa da Zabarmanci. Da anka farfaɗo da samariya, anka kuma fara bikin matasa na ƙasa a Damagaram a 1976, sai kowace jiha ta dinga turo ƴan wasanta su yi gasa. Cikin wannan zamani Yazi Dogo, malamin lakwal, ya yi suna da ƙungiyarsa, daga Damagaram har Yamai. Wasanninsu ba dariya kaɗai ba ne. Cin hanci, rabon gado, auren dole, alhajin da kuɗi sunka rufe wa ido, ma'aikacin biro mai wulaƙanta talaka, duk an taɓa su, a lokacin da ba kowa ke iya buɗa baki ya faɗi magana ba.

Tele ta biyu ta maƙwabta ce. Daga Ƙonni zuwa Illelar Najeriya ɗan taƙi ne, Sakkwato kuwa ba ta kai kilomita 100 ba. Wanda ya ɗaga anten bisa dogon ƙarfe yana kamo NTA. Can ma tarihin na da tsawo: tele ta Kaduna ta fara a 1962, sannan a 1977 gwamnatin tarayya ta haɗa tashoshin ƙarƙashin hukuma guda. Daga Sakkwato Idon Matambayi ya fito, da Hausar da ba ta da nisa da ta gidajenmu. Daga Kaduna anka san Samanja Mazan Fama, wanda Usman Baba Pategi, tsohon soja, ya riƙa nuna zaman bariki a cikinsa da Hausa gauraye da Turancin soja. Can kuma anka mai da Magana Jari Ce na Abubakar Imam wasan tele, inda Ƙasimu Yero ya fito. Jos ta ba da Karkuzu, Kano ta ba da Kuliya. Ko wanda bai gan su a tele ba ya same su daga baya a kaset, cikin ɗakunan bidiyo na kartiye.

To mi ya sa abin da miliyoyin mutane sunka kalla ke wuyar samu yau? Dalilai uku ne manya, kuma babu ƙeta a cikin ko ɗaya.

Na farko tsadar kaset. Gidajen tele na wancan lokaci da U-matic suke aiki, wanda kamfanin Sony ya fitar a 1971, daga baya Betacam na 1982. Duk daga waje ake sayo su. Kaset kuwa kamar allo yake: a wanke, a sake rubutu. A gidajen tele na duniya baki ɗaya, in an nuna shiri an gama, akan ɗauki sabo bisa tsohon. BBC kanta, da duk arzikinta, haka ta dinga yi har zuwa 1978. Balle ƙasashenmu, inda kuɗin uraniyom ya faɗi cikin shekarun 1980, naira ta karye daga 1986, sefa kuma anka rage mata daraja da rabi a Janairun 1994. Mai shiri da ke da labaru ƙarfe takwas da rabi kuma babu sabon kaset a hannu, ba sai an gaya muku abin da zai yi ba.

Na biyu yanayin ƙasarmu. Zaren kaset leda ce siririya da anka shafa wa garin ƙarfe da wani irin danƙo. Zafin bazara na sassauta shi, ƙurar hunturu na karce shi, laimar damina na sa danƙon ya jiƙe har zaren ya manne ko ya yi fumfuna. Ba a yi shi don ya shekara arba'in cikin ɗakin kwano ba.

Na uku shi ya fi ciwo. Teyatur ɗinmu ba a rubuce yake ba. Wata Ba'amurkiya mai bincike, Janet Beik, wadda ta bi ƴan wasan Hausa na Nijar ta fitar da littafi a kansu a 1987, ta bayyana yadda suke aiki: a zauna a shirya ƙashin labarin, a raba wa kowa matsayinsa, sannan kowa ya zo da maganarsa daga kansa. Shi ya sa zancen ke fita da daɗi kamar hirar bakin kasuwa. Amma shi ya sa kuma in kaset ya tafi, babu takardar da za a ɗauko a sake. Karin maganar, habaicin, yadda tsoho ke gaida sarki, yadda mace ke mai da wa kishiya martani a 1982, duk sun tafi tare da shi. Farfesa Shu'aibu Ɗan Inna ya rubuta littafi bisa Yazi Dogo a 2015, aiki ne babba, sai dai littafi ba ya dawo da murya.

Duk da haka masu sa rai na da hujja, kuma hujjar daga kusa da mu ta fito.

A Ingila akwai wani tsohon wasan tele na BBC mai suna Doctor Who, wanda ya fara a 1963. An shafe kaset ɗinsa na shekarun farko, har kashi 106 sunka zama babu su. Masoyansa sun yi shekaru suna cigiya. A Oktoban 2013 sai BBC ta ba da sanarwa cewa wani Bature mai suna Philip Morris ya gano gwangwanayen fim cikin ɗakin ajiya na wata tashar tele a Jos, kuma tara daga ciki suna cikin waɗanda anka fidda rai da su. Wasannin 1967 da 1968 ne. Nan take adadin ɓatattun ya sauko zuwa 97. Yadda anka yi sunka zo Jos kuwa, BBC kan kwafe shirinta bisa fim ta sayar wa ƙasashe, tasha ta nuna ta miƙa wa ta gaba. Waɗannan sun iso, ba wanda ya mai da su, ba kuma wanda ya zubar. Sun kwana bisa kanta shekaru masu yawa.

Akwai abin da ya fi wannan kama da halinmu. Ko kashin da hotonsu ya ɓace, muryarsu tana nan, don wasu ƴan kallo a Ingila sun dinga ɗaukar sautin a gida da rakoda lokacin da ake nunawa. Da wannan sautin BBC ta sake gina wasu da zane mai motsi. Abin da babbar ma'aikata ta shafe, yara masu rakoda sunka adana.

Misali na biyu na Hausa ne tsantsa. Fim ɗin Shaihu Umar, wanda Adamu Halilu ya shirya a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, an daɗe ana ɗauka ya ɓace. A 2016 anka gano shi cikin tarin tsofaffin fina-finan hukumar fina-finai ta Najeriya. Wata cibiya ta Jamus mai suna Arsenal ta gyara shi, anka nuna shi a bikin fina-finai na Berlin a 2018.

Amma mu faɗa wa juna gaskiya, kada murna ta yi yawa. Waɗannan biyun bisa fim suke, fim kuwa ya fi kaset jure shekaru. Sannan BBC ta yi kwafi da yawa ta watsa duniya, shi ya sa in ɗaya ya ɓace ake samun wani. Wasan da anka ɗauka bisa kaset guda, anka nuna, anka ɗauki wani a kansa, wannan ya tafi, ba injin da ke dawo da shi. Wanda ya ce muku duka za su dawo, daɗin baki yake muku. Abin da ake nema shi ne a ceci wanda ya rage.

Ina ya kamata a duba? Farko ɗakunan ajiya na gidajen tele da rediyo kansu, na Yamai da na jihohi, da tashoshin NTA, tunda sukan yi musayar shiri tsakaninsu. Ƙungiyar gidajen rediyo da tele ta Afirka ta wancan lokaci, URTNA, ita ma a da tana da cibiyar musayar shirye-shirye a Nairobi. Akwai masu bincike na jami'o'i da sunka ɗauki sauti da hoto, akwai iyalan ƴan wasan. Wannan aikin hukuma ne da masana, kuma haƙƙinmu ne mu tambaya.

Sai kuma namu rabon, wanda ba ya jiran kowa. Cikin shekarun 1980 da 1990 akwai gidajen da ke da manyeto a yankin nan: alhazan Ƙonni masu fatauci, ma'aikatan duwan, ma'aikatan izinin siminti na Malbaza, manyan dillalan albasa na Galmi, ƴan ci-rani da sunka dawo da kaya daga kurmi, da masu ɗakunan bidiyo daga Tsarnawa har Badagishiri. Wasunsu sun dinga danna maɓallin ɗauka in wasa ya zo. Kaset ɗin da anka rubuta wa "bikin Hajiya" na iya ƙarewa da rabin awa na teyatur a bayansa. Irin waɗannan suna nan cikin kwali, ƙarƙashin gado, cikin adakar tsohuwa, ko cikin kayan gadon da ba wanda ya kula da su.

In kun samu, ga roƙonmu. Kada ku zubar, kada ku ba yara su ja zaren. Kada ku yi gaggawar cusa shi cikin tsohuwar manyeto mai ƙura, don tana iya cinye shi a kallo guda. Ku tsai da shi a tsaye kamar littafi, a wuri mai sanyi marar laima, nesa da rana da manyan lasifika, saboda maganaɗisun da ke cikinsu. In kun ga fari-fari bisa zaren, fumfuna ce, ku ware shi daban. In an gwada kuma hoton ya fito baƙi da fari, kada ku ce ya lalace: tele ta Nijar da tsarin SECAM take aiki, ta Najeriya da PAL, wani lokaci injin ne bai dace da kaset ɗin ba. Wanda ya iya juya shi cikin ordinater, ya yi kwafi biyu ko uku a wurare daban, ya rubuta sunan wasan da tashar da shekarar in an sani, ya kuma riƙe kaset ɗin na asali. Sannan mu tuna wasan na da masu shi. Kwafi ya kai ga gidan telen da ya shirya da iyalan waɗanda sunka yi, kada wani ya lanƙaya sunansa a kai ya mai da shi haja.

Wanda ba shi da kaset ma yana da abin bayarwa. Ku zauna da tsofaffinku, ku kunna salula, ku tambaye su wasan da sunka fi tunawa, wa ya fito, mi ya faru, a wane gari sunka kalla. Tsofaffin ƴan samariya da sunka hau dandamali da sunan Ƙonni ko Illela suna nan da ransu cikin unguwanninmu, kuma ba kowa ya taɓa tambayarsu ba.

Lokaci dai ba ya wajenmu. Kamfanin Funai na Japan, na ƙarshe mai ƙera manyeto, ya daina a 2016. A 2019 UNESCO da ƙungiyar masu adana sauti da hoto ta duniya sun yi gargaɗi cewa injinan karanta kaset na gab da ƙarewa, kayan gyaransu ma haka. Su ma masu wasan suna tafiya: Ƙasimu Yero ya rasu a 2017, Samanja a Nuwamban 2023, Karkuzu a 2025. Kowace ranar 27 ga Oktoba UNESCO na tuna wa duniya da adana sauti da hoto na tarihi. Zai yi kyau kafin ta zagayo a ce kowace komin tamu, daga Alela da Bazaga zuwa Dogarawa da Tajaye, ta san kaset nawa ke gidajenta da abin da ke cikinsu.

Allah ya jiƙan waɗanda sunka sa iyayenmu dariya sunka riga mu gidan gaskiya, ya ƙara wa na raye lafiya. Ku duba kwalayenku, ku tambayi maƙwabta. Muna saurarenku.