Tarihin Zane Marar Kwaikwayo da Matsalar Ma'anarsa

1.0 Gabatarwa

Idan aka nuna wa mutum zanen doki, abin da zai fara dubawa shi ne ko ya yi kama da doki. In ya yi kama, sai ya yaba wa mai zanen, in kuwa bai yi ba, ya kushe masa. To, akwai wani nau'in zane da ya ɓullo a Turai a farkon ƙarni na 20 wanda wannan ma'auni ba ya aiki a kansa, domin babu doki a cikinsa, babu mutum, babu itace, sai launi da layi da fili. Turawa suna kiransa abstirak. Mu kuwa a nan za mu kira shi zane marar kwaikwayo, tun da yake ba ya kwaikwayon surar wani abu da ido ya saba gani. Manufar wannan maƙala ita ce ta bi diddigin samuwarsa, sa'an nan ta duba tambayar da mai kallo kan yi, wato me wannan abu yake nufi?

2.0 Abin da ya Share Masa Fage

Tun daga ƙarni na 15 babban burin masu zane na Turai shi ne su fito da duniya a kan ƙyalle kamar yadda take, da zurfinta da inuwarta. Amma ruwa ba ya tsami banza. A shekarar 1839 aka bayyana hanyar ɗaukar hoto ta Daguerre a birnin Faris, sai ga na'ura tana yin abin da mai zane kan shafe makonni yana fama da shi. Daga nan masu zane suka fara tambayar kansu ko kwaikwayo ne kaɗai aikinsu.

A 1874 Claude Monet da abokansa suka baje kolin zanensu a Faris, inda suka fifita haske da launi a kan cikar kama. A 1907 kuma Pablo Picasso, wanda ya ga sassaƙe-sassaƙen Afirka a wani gidan tarihi na birnin, ya soma kakkarya surar mutum yana mai da ita kusurwoyi. Duk da haka sura ba ta ɓace ba tukuna, mai lura yakan iya gano fuska ko tulu a ciki.

3.0 Magabata Huɗu

Wanda aka fi dangantawa da yanke wannan igiya ta ƙarshe shi ne Wassily Kandinsky, haifaffen Mosko a 1866. Shari'a ya karanta, sai da ya shekara 30 ya tafi Munik ta Jamus koyon zane. Shi da kansa ya ba da labarin cewa wata rana da almuru ya shiga ɗakin aikinsa, ya hangi wani zane mai tsananin kyau wanda bai gane abin da ke cikinsa ba. Da ya matsa kusa, ashe nasa ne aka jingine shi a karkace. Abin da ya fahimta shi ne surar da ke ciki ita ke tare masa ganin launi. A ƙarshen 1911 ya fitar da littafi a kan ruhi a cikin fasaha, inda ya kwatanta zane da kiɗa.

A Rasha, Kazimir Malevich ya kai abin maƙura. A watan Disamba na 1915 ya nuna wani baƙin murabba'i a kan farin fili, ya kuma rataye shi can sama a kusurwar ɗaki, wurin da Rashawa kan rataye hotunan ibada a gidajensu. Shi kuwa Piet Mondrian, ɗan ƙasar Holan, ya taƙaita kayan aikinsa har ya zama ba ya amfani da komai sai layi a tsaye da layi a kwance, da ja da rawaya da shuɗi, gami da fari da baƙi da toka-toka.

Ta huɗu ita ce Hilma af Klint, 'yar ƙasar Suwidin, wadda ta riga su duka, domin tun 1906 ta fara. Ta bar wasiyya kada a nuna ayyukan nan nata sai ta shekara 20 da rasuwa. Ta rasu a 1944, duniya ba ta san da su sosai ba sai a 1986. Abin lura a nan shi ne babu ko ɗaya daga cikin mutanen nan huɗu da ya kasa zana sura. Dukkansu sun ƙware a kanta kafin su bar ta, kuma dukkansu sun ɗauka cewa wata gaskiya ta ɓoye suke nema, wadda ido ba ya kai wa gare ta.

4.0 Tsangwamar Masu Mulki

Da zanen nan wasan yara ne, kamar yadda wasu ke cewa, da masu mulki ba su damu da shi ba. A 1932 gwamnatin Stalin ta rushe ƙungiyoyin masu fasaha masu zaman kansu, daga bisani aka wajabta zanen da ke nuna ma'aikata da manoma da shugabanni cikin kyakkyawar kama. Malevich, wanda aka tsare a 1930, ya koma zana mutane, amma a wasu ayyukansa na ƙarshe ɗan ƙaramin baƙin murabba'i ya sa a madadin sa hannu. A Jamus, makarantar Bauhaus inda Kandinsky ya koyar ta rufe a 1933 saboda matsin 'yan Nazi. A 1937 suka shirya baje koli a Munik don tozarta abin da suka kira gurɓatacciyar fasaha, ciki har da ayyukan Kandinsky da Mondrian, mutane fiye da miliyan 2 suka je kallo.

Dalilin wannan ƙiyayya a fili yake. Zanen da ke kwaikwayo ana iya aikensa, a ce ya nuna shugaba a matsayin gwarzo, ko talaka yana murmushi. Wanda ba ya kwaikwayo kuwa ba ya aikuwa, kowane mai kallo shi zai yanke wa kansa hukunci. Yaƙin Duniya na Biyu ya kora masu zane da yawa zuwa Amurka, inda a 1947 Jackson Pollock ya fara shimfiɗa ƙyalle a ƙasa yana ɗiɗɗiga masa fenti.

5.0 Ina Ma'anar Take?

Manazarcin waƙa ya san cewa kari yakan kama mai sauraro tun kafin ya tantance jigo, haka nan sautin algaita kan motsa zuciyar wanda bai san taken da ake busawa ba. Wannan shi ne matsayin da masu zanen nan suka nema wa launi da layi. Ma'anar tana cikin tsari: yadda ja ke rinjayar shuɗi, yadda layi ke raba fili, inda ido ke tsayawa da inda yake gudu. Saboda haka tambayar "da me ya yi kama?" ba ta da amsa a nan. Tambayar da ta dace ita ce, yaya aka tsara shi, kuma me tsarin ya haifar a zuciya? Wannan ba ya nufin kowane irin wannan zane yana da kyau. Akwai gwani, akwai ɗan koyo, kamar dai a kiɗa.

6.0 Mu da Wannan Zane

Bahaushe bai kamata abin ya zame masa baƙo ƙwarai ba. Wanda ya sa babbar riga mai aska takwas ba ya tuhumar maɗinki don aikin bai yi kama da askar wanzami ba, daidaito da tsabtar aiki yake dubawa. Haka yake kallon dagi, da zanen magina a fuskar zaure a Zariya da Kano, da zanen ƙwarya. Sai dai akwai bambanci wanda bai kamata a rufe ido a kansa ba. Namu ado ne da ke jikin abin amfani, gadonsa ake yi, kuma bai taɓa yin tawaye ga kwaikwayo ba. Na Turai kuwa tawaye ne na mutum ɗaya, wanda ya rataye aikinsa a bango ba don wani amfani ba sai kallo. Hanyoyin biyu sun haɗu a ƙasar nan lokacin da ɗaliban zane na kwalejin Zariya suka kafa ƙungiyarsu a 1958, suna neman gwama abin da aka koya musu da na gida. Ɗaya daga cikinsu, Uche Okeke, ya gina salonsa a kan uli, wato zanen jiki da bango na matan Ibo.

7.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata za mu ga cewa zane marar kwaikwayo bai samu don gazawar hannu ba, ya samu ne lokacin da masu zane suka daina ɗaukar kama a matsayin ma'aunin gwaninta. Aikin da ke gabanmu, mu masu nazarin harshe da al'ada, shi ne mu tattara kalmomin da magina da maɗinka da dukawa ke amfani da su wajen yabon aiki ko kushe shi. A cikinsu ne za mu sami ma'aunin da za mu tattauna irin wannan zane da shi a cikin harshenmu.